Na sayi wuri a rumfar wani ɗan koli a 'Yar Kutungu

Tun farkon zangon karatun nan nake neman wuri na gaske, irin wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi kafin anini da kwabo su shigo. Tarihi nake koyarwa a wata makarantar 'yan mata a nan cikin Katsina. Duk shekara idan muka iso kan fataucin Sahara sai in zana wuri a allo, yara su kwafa a littafi, a buga ƙararrawa a tashi, ba wadda ta san nauyinsa a tafin hannu. Bana na ce sai sun taɓa shi. Ga kuma bikin ɗiyar yayata ya matso, an ɗora mini adon ƙore da faya-fayan jere, buƙata ta zama biyu ke nan.

Sayen farko asara na yi. Wani shagon kayan ɗinki ya sayar mini da ƙulli uku a leda, farare tas, suna sheƙi. Da na zo gida na juye a faranti sai na ga duk girmansu ɗaya, haƙoransu ɗaya, ga wani siririn layi ya zagaye kowanne ta inda aka haɗe shi. Na ɗora allura a wuta na taɓa guda, ta nutse ciki, ƙaurin roba ya tashi. Wata tsohuwa mai kitso a unguwarmu ce ta ce mini in bar wahalar da kaina a shagunan gilashi, in shiga 'Yar Kutungu in tambayi tsohon da ke sayar da wuri da tsakiya. Sau uku na je rumfarsa kafin in zauna rubuta wannan, don kada in yabi abin da ban gwada ba, ko in kushe shi kan gani ɗaya.

Rumfar ƙarama ce, mutum biyu ba za su tsaya ciki a sake ba, kuma ba ta da allon suna. Jigida da murjani da tsakiya suna rataye a igiya, ga tandun kwalli, ga ƙananan madubai, allurai, zare, kanumfari a kwalba, da 'yan ƙulle-ƙullen da ban tambayi abin da ke ciki ba. Mai rumfar dattijo ne, zai haura saba'in, yana zaune kan buzu da carbi a hannu.

"Sannu da aiki, Baba. Ya kasuwa?"

"Da godiya, ɗiyata. Mi ake so?"

"Wuri nake nema."

"Na ado ko na magani?"

"Na ado da na karatu."

Ya ɗan dube ni, ya ce shekara arba'in da wani abu yana wannan sana'a bai taɓa jin wurin karatu ba. Da na yi masa bayani sai ya ajiye carbi, ya gyara zama, ya jawo kwanoni biyu. Na farko sabo ne, bayansa a rufe, a buhu ake kawo masa daga Legas, kuma iyakar saninsa ke nan game da inda ya fito. Gwangwanin madara naira 2,500. Na biyun shi yake kira na gado. Wajen tsofaffin mata yake samunsa, ko wajen magada idan tsohuwa ta rasu aka buɗe taskirarta aka ga abin da ba a san yadda za a yi da shi ba. Ya yi ɗorawa-ɗorawa kamar tsohon haƙori, an fasa bayan kowanne, bakin hujin ya yi sulɓi saboda gogar zare da ta yatsu. Wannan ba a aune ake sayar da shi ba, ƙirga shi ake yi, ashirin naira 1,000.

Abin da ya fara sa na natsu da shi, shi da kansa ya faɗa mini bambancin kafin in tambaya, bai yi ƙoƙarin tura mini mai tsadar ba. Da na ba shi labarin robar da aka sayar mini sai ya koya mini gwaji biyu da suka fi allurata sauƙi. Ya ce in ɗora a kunci, na gaske sanyi gare shi ko da rana tsaka. Sannan in sake shi kan farantin tangaran in saurara, na gaske ƙara yake yi kamar tsakuwa, na roba kuwa ƙwas ɗaya ya yi shiru. Na sayi gwangwani uku na sabon, da guda 100 na gado.

A gida na ƙirga. Gwangwani ɗaya 138, ɗaya 141, na ukun 129. Fasassu da masu tsaga 17 na fitar, kuma da na mayar da su a zuwa na biyu ya musanya mini ba musu, ba ɓata rai. Inda nake da ƙorafi shi ne ba a tsince sabon ba ko kaɗan. Manya da ƙanana a cakuɗe suke, kuma duk mai ɗinkin ado ta san idan girma bai zo ɗaya ba layin ba ya miƙewa. Yini guda na yi ina warewa. Sai maganar farashi: a zuwa na biyu jikansa na tarar, ya ce mini gwangwani 3,000 ne, ina cikin magana dattijon ya dawo daga masallaci ya ce 2,500 ne kamar yadda yake. Wadda za ta je ta nemi tsohon da kansa, ta kuma riƙe tsabar kuɗi, domin tiransifa sai jikan yana nan.

Cakuɗuwar da ta dame ni wajen ɗinki ita ta yi mini rana wajen karatu, don iri biyu ne a cikin gwangwanin. Akwai mai ƙulu-ƙulu a gefen baya, ɗan kusurwa-kusurwa, fari mai ratsin rawaya, wanda masana ke kira moneta. Akwai kuma mai sulɓi, kamar ƙwai, bayansa toka-toka da wani siririn zobe ruwan goro ya kewaye shi, shi ne annulus. Dukansu biyu suna rayuwa a faɗin tekun Indiya, amma na farkon ne tsohon kuɗi, wanda ya daɗe yana yawo a duniya. Mai zoben sai daga 1845 ya cika kasuwanninmu, lokacin da 'yan kasuwar Jamus na Hambog suka fara lodo shi a jirage daga Zanzibar zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Ya zo da arha, ya zo da yawa, har darajar wuri ta karye, aka kai inda ladan ɗan dako ke neman cinye kayan da ya ɗauko. A farkon ƙarni na 20 Turawan mulki suka hana shigo da shi. Cikin guda 100 na gado da na saya, 61 ragowar zoben tana nan a gefen hujin, ana gani idan an kai shi ga haske.

Babban aibin sabon wari ne. A kasuwa ban ji ba, sai da ya kwana a leda na buɗe da safe, wani ƙarni ya bugi hancina kamar na busasshen kifin da ruwa ya taɓa. Na jiƙa shi a roba da ruwan ɗumi da omo, na sauya ruwa sau uku, na bi tsagar kowanne da tsohon buroshin haƙori, wasu baƙaƙen ɓurɓushi suna fitowa. Kwana biyu a rana kafin ya yi dama-dama. Ya kamata mai rumfa ya riƙa gargaɗin mutane, don wadda ta ɗinka shi a kayan amarya ba ta wanke ba za ta ji kunya ranar jere.

Amma ina tsugune gaban robar nan sai zuciyata ta tafi nesa, saboda na san abin da nake gogewa. Wuri dabba ce. Yawancinmu ba mu san haka ba, ni ma sai da na je karatu Zariya na sani. Dangin dodon koɗi ce, tana zaune a ruwan teku marar zurfi, ƙarƙashin duwatsu da cikin ciyawar ruwa, tana kiwon gansakuka. Tana da wata fata mai laushi da ke fitowa ta tsagar nan mai haƙora ta lulluɓe bayan gidanta, shi ya sa yake sheƙi kamar an shafa masa mai. Abin da muke riƙewa gidanta ne, baƙin ɓurɓushin kuwa ragowar namanta.

Mafi yawan wuri mai ƙulu-ƙulun da ya zama kuɗi daga tsibiran Maldibs ya fito, kudu maso yamma da Indiya. Wani rubutun Larabci na shekarar 851 ya ce mace ce ke sarautar tsibiran, kuma wuri ne dukiyar taskarta. Mas'udi, wani Balarabe marubucin tarihi wanda ya rasu a 956, ya ƙara bayani: idan sarauniya ta ga taska ta yi ƙasa sai ta sa a saro rassan kwakwa da ganyensu a jefa a ruwa, dabbobin su manne, a jawo a shanya kan yashi, rana ta cinye naman, a kwashe gidajen. Ibn Batuta, matafiyin nan ɗan Maroko, da ya yi alƙalanci a can wajen 1343 zuwa 1344, ramuka ya gani a bakin teku ana zuba su ciki har naman ya ruɓe ya bar farin ƙoƙo. Wani Bafaranshe da jirginsu ya fashe a tsibiran a 1602 ya ce mata ne ke shiga ruwa iya ƙugu suna tsinta, sau biyu a wata, wajen tsayuwar wata da wajen cikarsa, lokacin da teku ke janyewa da nisa. Tonon da masu binciken kayan tarihi suka yi ya nuna sana'ar ta girmi duk marubutan nan. A tsibirin Kashidu, a kufan wani gidan ibada na mabiya Buda, an tarar da wuri sama da 60,000 a rami ɗaya, gwaji ya nuna suna kwance tun kafin shekara ta 400. Warin da ya cika mini tsakar gida na kwana biyu, shi matan can suka rayu a cikinsa, su da 'ya'yansu da jikokinsu, fiye da shekara dubu.

Daga hannunsu zuwa namu tafiya ce ta jirgin ruwa, sannan raƙumi. Ibn Batuta ya ce a Maldibs wuri 400,000 ake bayarwa kan dinari ɗaya na zinariya, wani lokaci ma fiye. Shi ɗin dai da ya zo Mali da Gawo wajen 1352 zuwa 1353 ya tarar 1,150 ne dinari. A lissafa a gani, darajarsa ta ninka kusan sau 350 a hanya, kuma ba mai tsinta ce ta ci ribar ba. Akwai shaidar hanyar a ƙasa. A 1964 mafarauta suka kai wani masani Bafaranshe, Théodore Monod, wani fili a tsakiyar hamadar Muritaniya da ake kira Ma'adin Ijafen, inda wani ayari ya binne kayansa bai dawo ya ɗauka ba. Sandunan tagulla sama da 2,000 aka tarar, da dubban wuri, mafi yawansu irin mai ƙulu-ƙulun nan, kuma kayan na wajen ƙarni na 11 zuwa na 12 ne. Duk sa'ad da na ba yara labarin nan sai ajin ya yi tsit, don kowace tana tunanin madugun da ya yi alama a yashi da niyyar komowa.

Ba sai mun je Muritaniya ba ma. Durɓi ta Kusheyi tana nan ƙasar Mani, tsakaninmu da Daura. An fara tona tuddanta a 1907, zamanin Sarki Dikko, aka sake tona uku a 1992. Cikin kayan da aka binne manyan mutanen can da su akwai tasoshin tagulla, warwaron hauren giwa, zinariya, duwatsun wuya, da wuri, kuma kaburburan na tsakanin ƙarni na 13 da na 16 ne. Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. A fahimtata maganganun biyu ba su ci karo ba. Ya daɗe da zuwa a matsayin adon sarakai, abin da ba kowa ke da shi ba, daga baya ne ya yawaita har ya zama abin sayen gero da daddawa. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, muna faɗarta kullum ba mu lura ba. Anne Haour, wata farfesa a Ingila, ta yi tono a Kufan Kanawa cikin Nijar, daga baya ta bi sawun wuri har Maldibs ita da abokan aikinta. Ko an fasa bayan wuri, suna duba girmansa da tsarin haƙoransa su gane ko wane iri ne.

Da ya zo ƙirga mini guda 100 na gado, dattijon bai ɗauka ɗaya-ɗaya ba. Ya baza su kan buzu yana jan biyar-biyar da yatsu, ja huɗu ya ce hauya, ya ture gefe, kafin in ƙifta ido ya haɗa hauya biyar ya ce zangu. Ya ce wajen kakarsa ya koya, ita kuwa ta ga lokacin da ake zuwa kasuwa da shi. Na tambaye shi keso, ya ce 20,000 ne, a ɗinke cikin tabarma. Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, wanda ya ratsa Katsina a 1851, ya zauna a Tasawa ya ga ana ƙirga 500,000 da hannu ta wannan hanya, kuma a Kano ya tarar 2,500 ne ke sayen dala ɗaya ta azurfa. Wannan ƙirgar kaɗai ta isa a je rumfar dominta. Na roƙe shi ya maimaita na ɗauka a waya, hannunsa kawai, na nuna wa yara, suka yi ta gwadawa kan tebur.

A aji na raba wa kowace guda biyu, mai zobe da mai ƙulu-ƙulu. Wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, su masu tsintar, an san sunayensu?" Na ce mata marubuta sun rubuta sarauniya da farashi da fatake, masu shiga ruwa kuwa juji ne ya adana labarinsu. Na tambaye su abin da ake gani idan manoma sun yanki tsohon juji don taki. Suka ce toka, ƙashi, tsingaro, hawa-hawa, na ƙasa ya fi na sama tsufa. To mutanen bakin teku jujinsu na ƙoƙon katantanwa ne, shi kuwa ba ya ruɓewa, har ma yana kare ƙashin kifi da gawayin da ke tsakaninsa daga cin ƙasa.

Misalin da na fi so na ƙasar Senegal ne, inda kogin Salum ke shiga teku. Akwai tuddai 218 a can waɗanda ba ƙasa ba ce, ba dutse ba, zallan ƙoƙon dabbobin ruwa ne da mutane suka ci suka zubar, wasu tsawonsu ɗaruruwan mita. A kan 28 daga cikinsu an yi maƙabartu. Ɗaya da ake kira Diyoron Bumak ya haura mita 10 a tudu, an tona shi a farkon shekarun 1970 aka sami tukwane, makaman ƙarfe, da kayan ado na tagulla da zinariya tare da mamata. Kuka ce ke tsirowa a kansu, kamar yadda mu ma idan muka hango kukoki sun taru a daji mukan ce kufai ne. A 2011 UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya. Yawan ƙoƙon ya fi ƙarfin cikin mutanen ƙauye, kuma dalili a fili yake: sana'a ce. Idan ruwa ya janye mata su shiga taɓo su tono, ko su ɓamɓaro daga saiwar itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, a dafa har bakin ya buɗe, a cire naman a shanya, a kai wa mutanen tudu su saya. Wani rubutu da aka yi a Lisbon a farkon ƙarni na 16 ya ambaci wannan ciniki, kuma har yau matan ƙabilar Niyominka, mazauna yankin, suna yin sa. Kamar dai yadda bandar kifi ke zuwa mana daga bakin tafkin Chadi. Wata yarinya a aji ta tambaya ko ana ci, na ce a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke rayuwa cikin teku halal ne.

Masu tono suna auna ƙoƙon hawa bayan hawa. Idan girmansa yana raguwa daga ƙasa zuwa sama, alama ce an matsa wa wurin tsinta har ba a barin ƙanana su girma. Layukan da ke jikinsa kuma suna nuna lokacin shekarar da aka ɗebo shi. Can arewacin Sikotilan, a tsibiran Okni, jujin wajen ƙarni na 11 da na 12 ya nuna wata katantanwa mai manne wa dutse ta yawaita daidai lokacin da ƙashin manyan kifaye ya yawaita, masana suka fahimci ƙugiya ake sa wa ita a kamo kifin sayarwa.

Yanzu sai abin da ya ɓata mini rai, wanda shi ne ya sa na ga dole in yi wannan rubutu. A zuwa na biyu, da dattijon ya ga ina son tsoho, sai ya sunkuya ya jawo wani ƙulli daga ƙarƙashin benci. Ya ce wannan ya fi na gado tsufa, na ƙasa ne. Ya kwance. Wurin ya yi fari fat kamar alli, sheƙin ya tafi, jar ƙasa ta cushe tsakanin haƙora. A ciki na ga tsingaro biyu da wani ɗan dutsen wuya shuɗi. Ya ce samari ne masu haƙar ƙasar bulo ke kawo masa, wani lokaci tukunya suke fasawa a kufai, kuma masu neman na magani ninki biyu suke biya.

"Baba, wannan ba zan saya ba, kuma da za ka ji tawa da ka bar karɓarsa."

"Ai ba ni na tona ba, ɗiyata. Kawo mani aka yi."

"Na sani, Baba. Amma in ba mai saye, ba mai fasa tukunya."

Na yi masa bayani iyakar iyawata. Wuri guda a leda ba ya faɗin komai. Wuri guda a inda ya kwanta, a hawa na nawa, kusa da wane gawayi, cikin wace irin tukunya, shi ne ke faɗin shekarar da ƙauyen ya fara hulɗa da teku. Da mafarautan Muritaniya sun kwashe kayan Ijafen sun kai kasuwa, da yau ba mu san ayarin ya taɓa wanzuwa ba. Wataƙila ƙullin nan daga wani gari ya fito da ya girmi ganuwar Katsina, wataƙila na jiya-jiya ne, kuma an rufe ƙofar sani tun ranar da diga ta sauka kan tukunyar. Na kuma gaya masa dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana tono ba izini, ta hana cinikin irin waɗannan kaya, kuma akwai gidan tarihi a tsohon ginin Kwalejin Katsina inda za a iya kai rahoto idan an ci karo da abu a ƙasa. Ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba. Ban ga alamar mugunta a tare da shi ba, ba wanda ya taɓa faɗa masa ne. Duk da haka aibi ne babba a rumfar, kuma ba zan ɓoye shi don ya kyautata mini ba.

Wadda ke son wurin ado ta je ta sayi sabon da zuciya ɗaya, na gaske ne, farashinsa daidai ne, ta dai ware kwana biyu na wanki da tsinta. Bayansa a rufe yake, sai an goga shi kan dutsen niƙa da ɗan ruwa har ya huje, kada a buga da ƙusa, tarwatsewa yake yi. Guda 9 na fasa kafin hannuna ya faɗa. Malaman makaranta su nemi na gado, ko ashirin ne sun isa aji, su kuma roƙe shi ya yi musu ƙirgar biyar-biyar. An fi samunsa da hantsi, bayan azahar jikan ne a rumfa. Na ƙasa kuwa, don Allah, ko kyauta aka ba ku kada ku karɓa. Ƙore shida da faya-fayai huɗu na yi wa amarya da gwangwani biyu, layi biyu-biyu a baki, har yanzu ko ɗaya bai ɓalle ba.

A zuwa na uku na tafi masa da hoton bidiyo na wuri mai rai a waya. Ya riƙe wayar da hannu biyu yana kallon dabbar tana rarrafe kan dutse cikin ruwa, fatarta ta rufe bayanta, 'yan ƙahonninta suna motsi. Ya ce in mayar masa farko. Sau uku ya kalla, sannan ya ƙwala wa maƙwabcinsa mai sayar da tabarmi kira ya ce ya zo ya ga ikon Allah, ashe abin da yake aunawa shekara arba'in mai rai ne. Ya tambaye ni ko matan can har yanzu suna shiga ruwan, ya tambayi nisan wurin daga Makka. Kafin in tafi na leƙa ƙarƙashin benci, ƙullin yana nan. Ya ga inda idona ya je, ya ce ya gaya wa samarin kada su ƙara kawowa, amma wannan kuɗinsa na ciki, naira 8,000, yana tunani tukuna. Na ce masa bayan hutu zan dawo da yara biyar su ga ƙirga, in ya yarda mu tafi da ƙullin gidan tarihi tare, ni zan biya kuɗin Keke Napep. Ya ce Allah ya kai mu.